Goro, Shayi da Gado: Tarihin Gidan Ɗantata Daga Kumasi Zuwa Kano

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi ta Zangon Tafo, a arewacin birnin Kumasi, bayan sallar Isha'i, zai tarar da matasa sun kewaye ƙaramar buta a kan gawayi suna jiran ataya. Da safe kuma mai shayi ne ke kafa teburinsa da burodi da gwangwanayen madara. Ba a noman ganyen shayi a dajin Asante, daga ƙetare ake shigo da shi, kuma sunayensa ma sun nuna hanyoyin da ya biyo. Kalmar shayi daga Larabcin gabas take. Ataya daga Larabcin Maroko ta fito, inda koren ganyen ƙasar Sin ya yawaita a ƙarni na 19 kafin ya ƙetaro Sahara. Kalmar ti kuwa daga bakin Turawan Ingila aka same ta.

Kafin shayi ya kai wannan matsayi, goro ne abin karɓar baƙo da abin hira, kuma shi ne ya kawo Hausawa wannan ƙasa tun farko. Wannan takarda za ta bi tarihin wani gida na 'yan kasuwa da fataucin goron Asante ya kafa, wato gidan Ɗantata na Kano, sannan ta kwatanta shi da gidan Twining na Landan, wanda ya shahara da cinikin shayi. Tambayar da takardar ke son amsawa ita ce: me ya sa dukiyar attajirai da yawa ke watsewa da zarar an yi sadakar arba'in, wasu gidaje kuma su ɗore har jikoki da tattaɓa kunne?

2.0 Tafo da Hanyar Gwanja

Tafo tsohon gari ne da ya girmi Kumasi, kuma Osei Tutu ya shigar da shi cikin daular Asante a ƙarshen ƙarni na 17. Muhimmancinsa shi ne yana kan hanyar arewa, wadda ake fitar da goro ta cikinta daga daji zuwa ƙasashen Gonja da Dagomba. Bayan Asantawa, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa, sun mallaki waɗannan ƙasashe a zamanin Opoku Ware a ƙarni na 18, garin Salaga ya zama babbar kasuwar da fatake ke haɗuwa da masu goro. Daga sunan Gonja ne Hausawa suka sami kalmar Gwanja, har tafiyar kanta ta koma ana ce mata fataucin Gwanja.

Tafiya ce ta watanni, wani lokaci zuwa da dawowa su cinye shekara. Ayari kan tashi daga ƙasar Kano da jakuna ɗauke da kanwa da tufafin rini da fatu, ya ƙetare kogin Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya sauka Salaga. Madugu ne shugaban ayari, jagaba ke gaba yana duba hanya, uban dawaki kuma ya tattara kuɗin da za a biya sarakunan da aka ratsa ƙasarsu. Goro kaya ne mai wuyar sha'ani. Sai an riƙa kwance huhu ana tsince wanda ya lalace, ana yayyafa ruwa, in ba haka ba ƙwaro ɗaya ya ɓata kaya duka. Binciken Paul Lovejoy na 1980 ya nuna cewa rukunoni uku ne suka fi riƙe wannan fatauci: Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Dukansu suna auratayya a tsakaninsu, suna ba juna bashi, kuma yaro kan fara bin ayari tun yana ƙarami a ƙarƙashin ubansa ko kawunsa.

Wannan tsari ya girgiza cikin shekara talatin kacal. A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, Salaga ta ɓalle daga ikon Asante, goro ya rage isa can. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, fatake da malamai suka bazu zuwa Kete Krachi da Kintampo da sauran wurare. Cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete Krachi a 1934. A 1896 Turawa suka mamaye Kumasi suka kama Prempeh na ɗaya, ƙofar birnin ta buɗe wa baƙin arewa, zangon Kumasi ya fara cika. A 1903 jirgin ƙasa daga Sekondi, a bakin teku, ya iso Kumasi. Daga nan goro ya sami hanya ta biyu, wadda ba ta buƙatar jaki ko madugu.

3.0 Rasuwar Farko: 1885

Gidan Ɗantata gidan Agalawa ne. Kakan gidan, Baba Talatin, bafatake ne da ya taso daga ƙasar Katsina ya zauna Madobi a ƙasar Kano. Daga zuriyarsa aka sami Abdullahi, wanda ya koma Bebeji, garin da ke kan hanyar ayarin Gwanja. A nan aka haifi ɗansa Alhassan a 1877. Matar Abdullahi, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai jarin kanta.

Abdullahi ya rasu wajen 1885, 'ya'yansa duk ƙanana. Aka raba gado yadda shari'a ta tanada, amma babu babban ɗa da zai karɓi ayari, ya riƙe yaran gida, ya bi basussuka. Amarya ta tashi zuwa Ankara, babban birnin Gana na yau, ta ci gaba da kasuwancinta a can, ta bar yaran a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa aka sami laƙabin Ɗantata. Alhassan ya yi almajirci a Bebeji, rabonsa na gado bai yi nisa ba ya ƙare, kuma ana ba da labarin cewa Tata ce ta koya masa ajiya a asusu. A yaƙin basasar Kano na 1893 zuwa 1895 an kama shi tare da 'yan'uwansa, sai da aka fanshe su.

Idan aka dubi dukiya kawai, gidan Abdullahi ya mutu a 1885. Abin da ya rage abu uku ne: sunan uba wanda fatake suka sani, dangi Agalawa da ke warwatse a zanguna, da uwa mai zaune a bakin teku. Waɗannan ukun su ne jarin da Alhassan ya fara da shi.

4.0 Alhassan Ɗantata da Hanyar Teku

Alhassan ya je wurin mahaifiyarsa a Ankara yana saurayi, ya ga yadda ciniki ke gudana a tashar jiragen ruwa, sannan ya shiga fataucin goro kamar iyayensa. Bambancinsa da su shi ne bai ɗaure kansa ga tsohuwar hanya ba. Wajen 1906 ya fara sayen goro a Kumasi, ya saukar da shi bakin teku, ya loda a jirgin ruwa daga Sekondi ko Ankara zuwa Ikko. Abin da ayari ke yi a watanni sai ya koma na makonni, asarar goro a hanya ta ragu, kuma jari ɗaya ya riƙa juyawa sau da yawa a shekara. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai hanyar ta haɗe tun daga Kumasi har kasuwar Kurmi.

Wannan jirgi da ya kawo goro arewa, shi ne kuma ya buɗe kasuwar gyaɗa zuwa kudu. Kamfanonin Turawa na son gyaɗa, amma ba su san ƙauyuka ba, ba su kuma da wanda manomi zai yarda da shi. Fataken goro ne ke da wakilai da yaran gida da sanin wanda ake ba bashi ya biya. A 1918 Alhassan ya fara saya wa kamfanin Neja gyaɗa, kuma cikin 'yan shekaru ya zama attajirin da ya fi kowa a Kano. An ruwaito cewa a 1929 ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin a reshen bankin Turawa na Kano. A wannan shekara ce aka haɗe kamfanin Neja da wani kamfani aka kafa UAC, kuma Alhassan ya zama babban mai saya masa gyaɗa. Sunansa ne ake haɗawa da dalar gyaɗa ta Kano.

Sauyin ya zo a kan gaɓa. A waɗannan shekaru manoman ƙasar Yarabawa sun dasa irin goron Asante a wurare kamar Agege da Shagamu, kuma zuwa shekarun 1930 goron cikin gida ya kama kasuwar arewacin Nijeriya. Bafataken da ya tsaya a kan goron Kumasi shi kaɗai ya ga kasuwarsa tana tsukewa. Alhassan kuwa ya riga ya ɗauki tsarin da goro ya gina, wato wakilai da bashi da amana, ya ɗora a kan wata haja.

5.0 Rasuwa ta Biyu da Abin da Ya Biyo Baya

Alhassan ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na unguwar Sarari a Kano. Mutumin da ya ga yadda dukiyar ubansa ta narke yana ɗan shekara takwas bai bar tasa haka ba. Ya sa 'ya'yansa cikin harkar tun yana raye, ya mayar da ita kamfani mai suna Alhassan Dantata and Sons, kuma an ruwaito cewa a jinyarsa ta ƙarshe ya yi musu wasiyya da su haɗa kai kada su bari kamfanin ya rushe. An raba gado kamar yadda shari'a ta ce, kowane magaji ya san rabonsa, amma kamfanin ya ci gaba da aiki da sunansa. Ahmadu ya shugabance shi har rasuwarsa a 1960, sannan Aminu, wanda aka haifa a 1931 kuma ya fara da sayen gyaɗa a 1948, ya karɓa.

'Ya'yan ba su tsaya a layi ɗaya ba. Sanusi ya riƙe gyaɗa da sufurin manyan motoci, ya kuma shahara da hidimar ɗarikar Ƙadiriyya, ya rasu a 1997. Mamuda ya kafa kamfanin jigilar alhazai na Afirka ta Yamma, wanda taƙaitaccen sunansa, Wapa, ya zama sunan kasuwar canjin kuɗi a Fagge. Aminu ya shiga kwangilar gine-gine bayan samun mulkin kai, ya yi kwamishina a gwamnatin Audu Bako, daga baya ya shiga harkar man fetur da banki. Saboda haka lokacin da fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka rushe dalar gyaɗa, gidan bai faɗi tare da ita ba. Aminu ya rasu ranar 28 ga Yuni, 2025, aka binne shi a Madina.

Reshen da ya fi suna a yau ta wajen mace ya fito. Mariya, 'yar Sanusi, ita ce mahaifiyar Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957, ya fara kasuwanci a 1977 da jarin da ya samu daga dangin mahaifiyarsa. Ya fara da shigo da kaya irin su sukari da shinkafa da siminti, daga baya ya koma sarrafa su a cikin gida, har zuwa matatar mai ta Lekki da aka ƙaddamar a 2023. Daga Baba Talatin zuwa Aliko haja ta sauya sau da yawa, hanya ta sauya daga jaki zuwa jirgin ruwa, amma kowace tsara a hannun ta gabanta ta koyi sana'a ta kuma sami jarin farko.

6.0 Gidan Twining na Landan

Domin a gane ko wannan darasi na Hausawa ne kaɗai, yana da kyau a dubi wani gida daga wata nahiya, wanda ya tashi a kan shayi. A 1706 Thomas Twining ya sayi wani shagon shan gahawa a titin Strand na Landan, ya fara sayar da ganyen shayi a ciki. A lokacin Kamfanin Indiya ta Gabas ne kaɗai ke da izinin shigo da shayin Sin cikin Ingila, 'yan kasuwa irin su Twining suna saya a gwanjonsa, su gauraya, su sayar. Thomas ya rasu a 1741, ɗansa Daniel ya gaje shi.

Gidan ya fuskanci irin ranar da gidan Abdullahi ya fuskanta. Daniel ya rasu a 1762, 'ya'yansa ba su isa riƙe harka ba. Matarsa Mary ce ta karɓi shagon ta tafiyar da shi kusan shekara ashirin, har ɗanta Richard ya kai ƙarfi. Shi Richard ɗin ne ya ba Firayim Minista William Pitt shawara a kan harajin shayi, wanda tsananinsa ya sa fasa-ƙwauri ya mamaye kasuwa. Dokar 1784 ta rage harajin daga kashi 119 cikin 100 zuwa kashi 12 da rabi, shayi ya yi araha, ya shiga gidan talaka. A 1837 Sarauniya Biktoriya ta ba gidan takardar amincewa ta fada. A 1964 wani babban kamfanin abinci, Associated British Foods, ya saye shi, sai dai sunan ya tsaya, shagon Strand yana nan, kuma wani daga tsara ta goma ta zuriyar ya ci gaba da aiki a kamfanin.

Shi kuwa sunan da ya fi yawa a teburin mai shayi, wato Lipton, labarinsa daban ne. Thomas Lipton ya rasu a 1931 bai yi aure ba, bai bar magaji ba. Kamfaninsa ya ƙare a hannun Unilever, wadda a da ita ce uwar kamfanin UAC da Alhassan ya saya wa gyaɗa, ita ma ta sayar da mafi yawan harkar shayinta a 2022. Suna kan iya rayuwa ba tare da gida ba, amma wannan ba gado ba ne a ma'anar da Bahaushe ya san shi.

Idan aka jera gidan Ɗantata da na Twining, abu biyu ke fitowa. Na farko, lokacin da ya fi haɗari ga kowane gida shi ne tazarar da ke tsakanin rasuwar mai gida da balagar magajinsa. Na biyu, mata ne suka cike wannan tazara a gidajen biyu. Bambancin shi ne Mary ta gaji shago tsayayye mai littafin lissafi, don haka ta miƙa shi yadda yake. Amarya da Tata kuwa ba su sami abin da za su riƙe ba sai yaron kansa, domin dukiyar bafatake tana bayan jakuna ne da hannun mabarta, kuma lissafinta a kan mai gida yake.

7.0 Zangon Kumasi Bayan Goro

Waɗanda suka zauna Kumasi ba su koma arewa ba sun ci gaba da sana'ar masauki da dillanci. Mai gida ya saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya nemo mai saye, ya tsaya masa a kan bashi, ya karɓi la'ada. Wannan sana'a ce ta raya unguwanni irin su tsohon Zango da Aboabo da Asawase da Tafo, inda Hausa ta zama harshen Mosawa da Dagombawa da Zabarmawa da sauran baƙi, kamar yadda binciken Enid Schildkrout na 1978 ya bayyana.

Sai dai irin wannan gida yana da rauni guda, wato ya dogara ga mutum ɗaya a wuri ɗaya. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Dubban mutane suka fita, har da waɗanda a nan aka haife su, suka sayar da shaguna da gidaje a wulaƙance ko suka bar su a hannun amintattu. Dokar 1970 ta ƙara keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa. Gidan da ke da reshe a Kano ko Ikko ya sami inda zai sauka. Wanda dukiyarsa duka ke cikin rumfa ɗaya a Kumasi, ba takarda ba rajista, sai ya fara daga tushe.

A yau koren shayi da sukari da madara suna sauka a tashar Tema, su hau mota zuwa Kumasi, su bi hannun 'yan sari zuwa kantunan Zango. Kayan sun sauya, amma yadda ake ba da su bashi bisa sanayya, a biya bayan an sayar, shi ne dai tsarin da aka gada daga huhun goro. Raunin ma shi ne dai na da.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi gidan Ɗantata daga ayarin Gwanja zuwa jirgin ruwa, daga goro zuwa gyaɗa, daga gyaɗa zuwa gini da masana'antu, ta kuma kwatanta shi da gidan Twining. Abin da ya bayyana shi ne ba haja ake gada ba, domin goron Kumasi da gyaɗar Kano duk kasuwarsu ta tashi. Ba kuma rabon gado ne ke kashe gida ba, domin an raba gadon Alhassan kamar yadda aka raba na Abdullahi. Bambancin 1885 da 1955 shi ne a ta biyun an riga an horar da magada, lissafi yana rubuce, kuma akwai kamfanin da magada za su iya tarayya a cikinsa ba tare da an sayar da shi an raba kuɗin ba.

Masu nazarin tarihin Zango suna da aiki a gabansu. Yawancin gidajen masauki da na sari a Tafo da maƙwabtanta tarihinsu a bakin dattawa yake, musamman tsofaffin mata, waɗanda su ne suka san wanda ya riƙe gida lokacin da mai shi ya kwanta dama. Ɗalibin da zai zauna da su ya rubuta abin da suka sani, zai cece shi kafin ya bi su kushewa.